Da gaske gyatsar shanu na ƙara zafin duniya?

Tambaya, daga wani mai karatu a Dukku, jihar Gombe: Likita, na ji a rediyo wai shanu na cikin masu jawo ɗumamar yanayi. Kiwo muka gada kaka da kakanni, ba mu taɓa jin saniya ta ƙona duniya ba. Me ya sauya? Ko wata dabara ce ta raba mu da dukiyarmu?

Amsa: Malam, saniya tana nan yadda kakanninka suka san ta. Yawanta ne ya sauya.

Duk dabba mai tuƙa, saniya ce ko tunkiya ko akuya, ba ita kaɗai ke narka ciyawar da ta ci ba. Tumbinta cike yake da ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ke ruɓar da kara da ciyawa. Cikin wannan aiki ake samun wata iska da ake kira metan, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari ta baki take fita, da gyatsa. Duk makiyayin da ya taɓa ganin sa ya kamu da kumburin ciki a farkon damina, ɓangaren hagu ya tashi ya yi tauri yana nishi, ya ga abin da ke faruwa idan iskar tumbi ta rasa hanyar fita.

A shekarar 1961 shanun duniya ba su kai biliyan ɗaya ba. Yau sun kai wajen biliyan ɗaya da rabi, ban da tumaki da awaki. Tumbin waɗannan dabbobi na fitar da metan kimanin tan miliyan 100 a shekara. Metan da ke sararin sama kuwa ta ninka fiye da sau biyu da rabi a kan yadda take a 1750, sai dai ba laifin dabbobi kaɗai ba ne: akwai rijiyoyin mai da gas, da ma'adinan kwal, da fadamun shinkafa, da juji.

Ga inda masu labarai kan yi gaggawa. Metan tana riƙe zafi sosai, kusan ninki 80 na iskar kabon, wadda ƙona mai da kwal ke fitarwa, idan aka auna a shekara 20, ninki 27 zuwa 30 a shekara 100. Amma ba ta daɗewa; cikin shekara 12 ko makamancin haka akasarinta ta narke, alhali kabon ɗin injuna na iya zama ɗaruruwan shekaru. Ka ɗauki ƙwarya mai ɓuli a gindi. In kana zuba ruwa daidai da wanda ke yoyo, ruwan zai tsaya wuri guda; ka ƙara zubi, ya hau; ka rage, ya sauka. Garken da adadinsa bai motsa ba tsawon shekaru ƙarin zafin da yake jawowa kaɗan ne. Kuma a da, annoba da fari ba sa barin garke ya yi ta hauhawa: ciwon bushiya ya share shanun Afirka a shekarun 1890, ya sake ɓarna a Najeriya a 1983, ga farin 1973. An kawar da bushiya daga duniya a 2011, alhamdu lillahi, mutane sun ƙaru, masu son nama da nono sun ƙaru.

Za ka ji alƙaluma mabambanta. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce a 2006 kiwo ke da kashi 18 cikin ɗari na iska mai ɗumama duniya da ayyukan ɗan Adam ke fitarwa, a 2013 ta ce 14.5, a 2023 ta ce 12. Kada ka ɗauka shanu sun rage gyatsa. Hanyar lissafi ce ta canza, kuma lissafin ya haɗa har da sare daji da noman abincin dabbobi da kashinsu.

To ina namu shanun suka tsaya? A ma'aunin kwamitin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2006, saniyar Afirka ta kiwon sake tana fitar da wajen kilo 31 a shekara, saniyar tatsa ta Amurka sama da kilo 120. Kai da kai, Bunajinka ba ta kama ƙafarta ba. Amma waccan tana ba da lita 30 a rana, taka lita ɗaya zuwa biyu. In aka raba iskar a kan kowace litar madara, mu ne a sama.

A ganina nan ne maganar ta shafe ka, ba don tsoron wani taro a Turai ba. Wannan iska abinci ce da ta salwanta: daga kashi 2 har zuwa 12 cikin ɗari na ƙarfin abincin da dabba ta ci a gyatsa yake tafiya, kuma busasshen kara da tattakar bazara sun fi jawo wannan asara. Dubi garke a gandun kiwo na Wawa-Zange a watan Afrilu, haƙarƙari a waje, tozo ya kwanta. Naman da aka tara da damina ya zube, sai an sake tara shi. Karsanar da ba ta haihuwar fari sai ta kai shekara huɗu ko biyar, sannan ta riƙa tsallake shekara, duk tsawon lokacin nan tana ci tana gyatsa ba maraƙi ba nono.

Maganin a hannunka yake: harawar wake da ta gyaɗa da aka adana a inuwa tun kaka, ɓawon wake, dusa, angurya, 'ya'yan gawo, gishirin lasa, maganin tsutsa da rigakafi a kan lokaci, da sayar da bijimi in ya kai maimakon a bar shi ya tsufa a garke. Akwai sinadari irin Bovaer da ke rage metan da kusan kashi 30 a shanun tatsa, amma sai an cakuɗa shi cikin abinci kullum, ba na dabbar da ke yini a daji ba ne.

Batun raba ka da dukiya kuwa, alƙawarin da Najeriya ta shiga a taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021 na rage metan ɗin duniya ne da kashi 30 kafin 2030, na sa-kai ne, kuma bai yanka wa kowa adadin shanun da zai riƙe ba.