Majalisar Kawu: Ƙwallo Muka Zo Kallo Ko Kamfe?

Salamu alaikum jama'a. Saƙonnin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, ƙwallo da siyasa, kamar kun haɗa baki. Masu tambayar aure da gado ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ina da gidan kallo, kuma wallahi abun ya fara isata. Ana cikin wasa sai wani ya ce Man U ai PDP ce sai tsohon tarihi, wani ya ce Arsenal ƴan adawa ne kullum na biyu, kafin ka ankara an bar ƙwallon an koma kan Tinubu da Atiku da jar hula, ranar nan har benci aka karya min. Shin in rubuta a allo cewa an hana siyasa ne ko yaya? Daga mai gidan kallo, Tudun Wadan Zariya.

AMSA: Ɗana, ka rubuta in kana da alli, amma ba wanda zai karanta. Kai da kanka ka shigo da siyasa ɗakin nan ranar da ka ƙara kuɗin shiga, domin da aka tambaye ka dalili cewa ka yi man janareto, shi kuma man ai kowa ya san ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafi ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin ƴan kwanaki, daga baya ma ta tsallake dubu. Mutumin da ya biya wannan kuɗin ya zauna a zafi, ga ƙungiyarsa ana ci, ka ce kar ya ambaci gwamnati? Ai da wuya.

Kuma gaskiya wanda ya ce Man U PDP ce ya iya tsokana, ni da nake karantawa sai da na yi dariya. Ferguson, kocin Man U, ya ajiye aiki a 2013, PDP ta bar Villa a 2015, tun daga nan kowanne sai sauya shugabanni da taron sulhu da labarin lokacin da muke. A kakar da ta ƙare a 2025 Man U ta 15 ta gama, ta je wasan ƙarshe na Europa Tottenham ta doke ta, Tottenham fa. Su ma ƴan Arsenal ba su da bakin magana sosai, sun yi sama da shekara 20 suna jiran Firimiya bayan na 2004, kuma na biyu suka zo sau uku a jere, 2023 da 2024 da 2025, ga shi Atiku ɗin da ake haɗa su da shi dama bai taɓa ɓoye cewa shi ɗan Arsenal ne ba. Duk wannan wasa ne, irin na Bakano da Bazazzagi, a gaya maka magana ka rama a tashi a sha shayi tare.

Inda abun yake lalacewa daban ne. Ƙwallo tana da minti 90 da teburi, in an ci ka an ci ka, ko za ka zagi alƙalin wasa har gobe maki ukun ba za su dawo ba, shi ya sa musun yake mutuwa da kansa. Siyasa ba ta da wannan. A Kano an yi inkwankulusib a 2019, na 2023 kuma sai da aka je Kotun Ƙoli aka ƙare a Janairun 2024, har yau akwai mutanen da in ka taɓa maganar sai jijiyar wuyansu ta tashi. Sannan in ka ce wa mutum ƙungiyarka ba ta iya ba, ba ka taɓa tuwonsa ba, amma in ka ce kai ka zaɓo mana wannan wahalar, ka ɗora masa laifin kuɗin shinkafa da na makarantar yara a gaban jama'a, to nan ne benci yake karyewa.

Ni abin da na fi gani a samarinmu shi ne sun ɗauki ɗan siyasa kamar kulob. Kulob ko ya faɗa rukuni na biyu kana nan, kuma hakan abin yabo ne, domin Arsenal ba ta ci bashinka ba, ba ta yi maka alƙawarin ruwan famfo ba. Shi kuwa gwamna da sanata aiki ka ɗauke su, da kuɗinka ake biyansu, in ba su yi ba ka sallame su. Amma sai ka ga yaro yana kare ɗan siyasa da irin bakin da yake kare Saka, shi ko ogan nasa ya sauya sheƙa sau uku a shekara huɗu bai ko yi masa sallama ba.

Dokar da zan ba ka guda biyu ce kawai. Ba a zagin iyaye, ba a taɓa addini ko ƙabila. Wanda ya karya a mayar masa da kuɗinsa ya fita, ko ɗan uwanka ne. Wanda ya karya benci kuma ya biya kafinta.

TAMBAYA: Kawu ni ɗan Barca ne, abokina ɗan Madrid, kullum ina ce masa ƙungiyarsu ta gwamnati ce, da hannun mulkin soja suka tara kofuna, shi kuma ya ce ƙarya ne. Ka raba mana. Daga ɗalibi a Sakkwato.

AMSA: Kowannenku yana da rabin gaskiya, kuma na san ba haka ka so ji ba. Janar Franco ya mulki Sifaniya daga 1939 zuwa 1975, ya danne yaren Kataloniya da tutarsu, kuma tun a farkon yaƙin basasa a 1936 sojojin ɓangarensa suka harbe shugaban Barcelona na lokacin, Josep Sunyol. Saboda haka filin wasa ya zama wurin da mutanen yankin suke iya huce haushinsu, wannan ba ƙarya ba ne. Ko a ranar 1 ga Oktoban 2017 da aka yi ƙuri'ar raba gardama kan ɓallewar Kataloniya ƴan sanda suna dukan masu zaɓe, Barca ta buga da Las Palmas ba ɗan kallo ko ɗaya a fili.

Amma fa ka riƙe wannan kafin ka je ka cika baki. Daga 1933 har 1954 Madrid ba ta ɗauki La Liga ba, a tsakanin nan kuwa Barca ta ɗauka sau biyar, duk a ƙarƙashin Franco ɗin. In gwamnati ce take raba kofi to ta yi jinkiri da yawa. Abin da ya juya lamarin zuwan ɗan wasa Di Stefano Madrid ne a 1953, sai kofin Turai biyar a jere daga 1956 zuwa 1960, nan ne gwamnatin ta ga abin ado ta rungume, kamar yadda duk mai mulki yake son hoto da mai nasara. Ita ma Barca ta taɓa ba Franco lambobin girmamawa, sai a 2019 mambobinta suka kaɗa ƙuri'a aka janye. Kuma in abokin naka ya san ta kan tsiya zai tambaye ka labarin Negreira, mataimakin shugaban kwamitin alƙalan wasa da aka gano Barca ta yi shekaru tana biyan kamfaninsa kuɗi sama da Yuro miliyan 7. Da maganar ta fito a 2023 shugaban Barca Laporta cewa ya yi ai Madrid ce ƙungiyar gwamnati, Madrid ta mayar masa da bidiyo na hotunan Franco da Barca. Manya ma musun da kuke yi suke yi.

Abin da ya fi burge ni a ƙungiyoyin nan biyu, mambobi ne suke zaɓen shugaba da ƙuri'a. A 2000 Florentino Perez ya fito takarar shugabancin Madrid ya ce in kun zaɓe ni zan ɗauko muku Figo daga Barcelona, alhali wanda yake kan kujerar, Lorenzo Sanz, bai daɗe da ɗauko kofin zakarun Turai ba. Aka zaɓi Perez, cikin ƴan kwanaki sai ga Figo da farar riga, wajen Yuro miliyan 60. Ka nemo min ɗan takarar kansila ɗaya a unguwarku da ya cika alƙawari da irin wannan saurin, ni zan sayi goro.

TAMBAYA: Kawu me ya sa Dangote yake ta maganar sayen Arsenal ga Pillars a gida? Ba kishi ne? Daga masoyin Masu Gida, Ƙofar Mata.

AMSA: Sai Masu Gida! Alhaji ya daɗe yana faɗin yana son Arsenal, daga baya matatar mai ta cinye kuɗin da lokacin, farashin kulob ɗin kuma ya yi sama. Amma ko ya juyo gida, wa ya ce maka ta sayarwa ce? Pillars ta gwamnatin Kano ce, kamar yadda yawancin ƙungiyoyin gasarmu suke hannun gwamnatocin jihohi, kuma nan ne ciwon. Sabon gwamna sabon shugaban kulob, albashi sai an jira fayil ya fito daga ofis, in shekarar zaɓe ce a tuna da ku in ba ita ba ku yi ta Allah. Ƙungiyar da aka kafa a 1990, ta ɗauki gasa a 2008, ta jera 2012 da 2013 da 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin zakarun Afirka a 2009, ita ce ta faɗa rukuni na biyu a 2022. Ta dawo, alhamdulillahi. Amma ɗan kasuwa ba ya zuba kuɗi inda ba shi zai yanke hukunci ba. Kuma mu ma mu ji tsoron Allah, wanda yake cewa Dangote ba shi da kishi sau da yawa rigar Chelsea ce a jikinsa, in ya je filin wasa na Sani Abacha kuma ta katanga yake son shiga.

TAMBAYA: Kawu maigidana in Chelsea ta sha kashi ba ya cin abinci, in an taɓa jam'iyyarsu a rediyo ma haka. Yaya zan yi? Daga uwargida a Gombe.

AMSA: Ƴata, ki rufe abincin ki ajiye, yunwa za ta yi miki aikin. Ki dai guji tambayarsa nawa da nawa, kin riga kin gani a fuskarsa.

TAMBAYA: Kawu ina gaisuwa daga Zango. Ku ƴan Najeriya kullum kuna cewa siyasa ce ta kashe muku ƙwallo, ni kuwa na ce ba ku iya ba ne kawai, ku tuna Abuja 2022. Daga ɗan Black Stars, Kumasi.

AMSA: Kai ɗan nan ba ka da kunya, har gida ka biyo ni. Na tuna mana, 1-1, Partey ya buga wata ƙwallo daga nesa ta wuce ta ƙarƙashin golanmu, kuka tafi kofin duniya a Qatar mu kuma matasa suka farfasa filin. Na 2026 ma Kwango ta cire mu da fenareti a Rabat. Ka ji daɗi?

Amma batun siyasa ba ƙorafi ba ne, tarihi ne. Tawagar da ta fi kowacce ƙarfi da muka taɓa yi ita ce ta su Yekini da Okocha da Amokachi, ta ɗauki kofin Afirka a Tunisiya a 1994. Da aka zo na 1996 a Afirka ta Kudu, Abacha ya hana su zuwa kare kofinsu, saboda rigimar da ta shiga tsakaninsa da Mandela bayan rataye su Ken Saro-Wiwa a Nuwamban 1995. CAF ta ƙara mana da haramcin na 1998. Kofi biyu kenan suka wuce mu muna zaune, kuma don ka san ba rashin iyawa ba ne, a 1996 ɗin nan dai yaranmu suka je gasar Olamfik a Atlanta suka doke Brazil 4-3 da Ajantina 3-2 suka ɗauko zinare. A 2010 kuma Jonathan ya fusata da abin da aka yi a kofin duniya ya ce ya dakatar da Super Eagles shekara biyu, FIFA ta ce to za ta kore mu gaba ɗaya, ba a yi mako ba aka janye. Har a zuwan Rabat ɗin nan sai da ƴan wasa suka ƙi fita atisaye kan kuɗaɗen alawus da suke bi, ana saura kwana biyu wasanmu da Gabon, kafin na Kwango. In an ci kofi kuwa kowa ya fito da babbar riga, ga lambar girma ga alƙawarin gida ga fili a Abuja.

Saboda haka eh, akwai ranar da ba mu iya ba, akwai kuma ranar da aka hana mu iyawa. Kai kuma kafin ka sake rubuto min ka fara gaya min inda Black Stars take lokacin da ake buga kofin Afirka na 2025 a Maroko, don na duba rukuni shida ɗin nan kaf ban ga sunanku ba, kuma rabonku da kofin tun 1982.

TAMBAYA: Kawu ɗan ƙwallo zai iya mulkin Najeriya? Ni dai Ahmed Musa nake so ya fito. Daga wani matashi a Bukur.

AMSA: An yi a Laberiya. George Weah, ɗan Afirka ɗaya tilo da ya ɗauki Ballon d'Or, a 1995, ya nemi shugabanci a 2005 Ellen Johnson Sirleaf ta kayar da shi, ya koma ya yi karatu ya zama sanata, sannan ya hau a Janairun 2018. Mulkin nasa dai mutanensa ba su gamsu ba, tsadar rayuwa da zargin cin hanci a gwamnati suka yi masa yawa, a 2023 suka ba Joseph Boakai da ƴar tazara kaɗan. Abin da na yaba masa, tun ba a gama sanar da sakamako ba ya kira Boakai ya taya shi murna, ba kotu ba ƴan daba. Wannan kam ina jin a fili ya koyo shi.

Shi kuwa Ahmed Musa, yaron kirki ne mai hannun kyauta, kuma ƙwallaye biyun da ya zura wa Ajantina a 2014 da biyun Iceland a 2018 ba mai goge su. Amma ka tambaye shi ko yana so tukuna? Ka bar bawan Allah da mutuncinsa, yanzu duk Najeriya ke sonsa, ranar da ya ɗauki katin jam'iyya rabi sun tafi.