Ƙanjamaun Kyanwa: Amsoshin Likita ga Masu Tambaya

Likita, muzuruna ya yi faɗa, bayan makonni sai na ji ƙulli a ƙarƙashin haɓarsa. An gwada jininsa, an ce FIV ce. Me ke faruwa a jikinsa? Wata uwa daga Zariya.

Hajiya, ƙullin nan mai yiwuwa kaluluwa ce, ko da yake cizo kan tara ruwa shi ma ya kumbura. FIV, wato ƙwayar ƙanjamaun kyanwa, dangin ƙwayar HIV ce. A 1986 aka gano ta a wasu kyanwoyi a Kalifoniya ta Amurka, a aikin Niels Pedersen da Janet Yamamoto. Ta miyau take shiga, galibi idan muzurai sun ciji juna.

Da ta shiga sai ta nufi fararen ƙwayoyin jinin da ake kira CD4, waɗanda su ne jagororin garkuwar jiki. A makonnin farko kaluluwa kan kumbura saboda jiki ya tashi tsaye yana yaƙi, wani lokaci har da zazzaɓi. Daga nan sai komai ya lafa, kyanwa ta yi shekaru tana cin abincinta lafiya lau, alhali CD4 na raguwa a hankali. Idan cutar ta yi nisa, kaluluwar da ta kumbura a da sai ta motse, ta rasa ƙwayoyinta. Cutar tana taɓa saifa da ɓargo da hanji. A 'ya'yan kyanwa kuwa, taimos, wato ɗan naman ƙirji da ke renon waɗannan ƙwayoyi, shi ke shanyewa, kuma wannan ya fi damuna. Ki riƙa ɗaga leɓensa kina duba dasashi: ja, wari, dalalar miyau, ko ƙin cin abinci mai tauri, duk alamu ne na a koma wurin likitan dabbobi.

Yarana suna wasa da magenmu. Za ta shafa musu FIV? Wani magidanci daga Maraɗi.

A'a, Malam. FIV ba ta kama mutum. Don Allah kada ka kore ta. Cizo ko yagushi dai a wanke da sabulu, saboda wasu cututtukan.

Akwai magani? Wata ɗaliba daga Kano.

Babu maganin da ke raba ta da jiki, 'yata, amma da yawa suna tsufa da ita. A yi wa muzuru dandaƙa don ya rage yawon dare da faɗa, a tsare shi a gida, a daina ba shi ɗanyen nama. Idan jaririyar kyanwa ce gwaji ya nuna tana da ita, a sake gwadawa bayan ta cika wata 6, domin sau da yawa garkuwar da ta sha a nonon uwa ce gwajin ke gani.