Littafi Na Kan Kanta, Katalog Ya Ce Babu

Tambaya: Ni ke kula da sashen nazarin Gabas ta Tsakiya a laburaren jami'a. Littattafan Larabci suna nan, amma ɗalibai ba sa ganinsu a katalog. Ina gizo ke saƙar?

Amsa: Malama, galibi an shigar da sunan littafin da haruffan boko kaɗai, ɗalibi kuwa da Larabci yake nema. A tsarin MARC, wato tsarin shigar da bayanan littafi a katalog, sa asalin rubutun Larabcin a fili na 880, ki haɗa shi da na 245, filin sunan littafi, ta ƙaramin fili na 6. Wajen juya haruffan Larabci zuwa na boko, tsaya kan jadawalin ALA-LC, wato na Ƙungiyar Laburarorin Amurka da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka. Gauraya tsari ke raba marubuci ɗaya gida uku. Tantance sunansa a VIAF, kundin intanet na daidaitattun sunayen marubuta. Amma fara leƙa WorldCat, katalog ɗin haɗin gwiwa na laburarorin duniya, wataƙila wani laburaren ya riga ki yin aikin.