Tambaya da Amsa: Shekara shida ban rufe shagon ɗinkina ba, in na huta sai in ji kamar na yi laifi

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ni tela ne a Tudun Wadan Zariya, shekarata 44, ina da yara huɗu a shago. Ina buɗewa ƙarfe takwas na safe, ba na tashi sai sha ɗayan dare, har Jumma'a da Lahadi. Shekara shida ke nan ban rufe shago ba in ban da ranar idi. Mahaifiyata tana Maƙarfi, rabon da in kwana biyu a wurinta har na manta, maiɗakina kuma ta gaji da magana. Duk ranar da na ce zan huta sai zuciyata ta ƙi, in ga kamar na ci amanar yaran da masu kaya, kamar na butulce wa Allah da ya buɗa min. Yanzu ƙeyata tana ciwo, kaina yana sarawa da yamma. Akwai haɗin maganin gajiya da nake karɓa a kemis, ƙwaya biyar ƙulle a leda, in na sha sai in ji garau. Shin in ci gaba da sha zuwa bayan Sallah? Kuma yaya zan yi in huta ba tare da wannan nauyin a raina ba?

Amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara buɗi, ya ba da lafiya. Tambaya biyu ka yi, kuma ta ledar nan ita ta fi tayar min da hankali, don haka da ita zan fara.

Babu wata cuta mai suna gajiya da aka ƙera wa ƙwaya. Na faɗa wa teloli, na faɗa wa direbobin Kwangila da 'yan dako na kasuwar Sabon Gari da masu keke Napep, kuma zan ci gaba da faɗa. Gajiya saƙo ce daga jiki cewa an ci bashinsa, barci da hutu kaɗai ke biyan wannan bashi. Haɗin kemis yana toshe bakin mai kawo saƙon ne, bashin kuwa yana nan yana taruwa.

Irin ledojin da marasa lafiya ke kawo min, abin da ke ciki kusan ɗaya ne: farasitamol, da diklofenak ko ibufurofen (wani lokaci duka biyun, wanda ganganci ne tsagwaronsa), da 'yar ƙaramar ƙwayar nan deksametazon, wani lokaci har da taramol. Diklofenak da 'yan'uwansa in aka daɗe ana sha suna cin bangon ciki su jawo gyambo mai zubar da jini, suna ɗaga hawan jini, suna kuma raunana ƙoda, musamman ga wanda ke yini cikin zafi bai sha isasshen ruwa ba. Ka tuna yadda shagon tela yake a watan Afrilu, janareta na ruri a bakin ƙofa, dutsen guga a kunne, ga azumi a baki. A irin wannan yanayin ne mutum zai yi buɗa-baki da ƙwaya biyar a kan cikin da ya yini babu komai. Deksametazon shi ne ke sa ka ji garau ɗin da kake faɗa. Yana ɗaga suga, yana ɗaga jini, yana rage garkuwar jiki, yana kumbura fuska har mutane su riƙa ce maka ka yi ƙiba, alhali ciwo ne. Taramol kuwa yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi, kuma yana sa jijjiga irin ta farfaɗiya. Mai ƙarfin miligiram 50 da 100 ne NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta amince da shi, shi ma sai da takardar likita. Wanda ke yawo a gari mai 225 haramtaccen kaya ne.

Abin da ke ɓata min rai shi ne wanda ya ƙulla maka ledar bai auna jininka ba, bai tambaye ka ko kana da gyambon ciki ba, ya ɓare ƙwayoyin daga kwalinsu ta yadda ba za ka ga suna ko ranar lalacewa ba. Da shi da mai lasifika a saman mota da ke rantsuwa cewa kwalba ɗaya na maganin gajiya da basir da sanyi da ciwon baya, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ranar da ƙoda ta tsaya ba za ka gan su a asibitin koyarwa na Shika ba. Iyalinka ne za su sayar da kekunan ɗinki don biyan kuɗin wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, sai mutane suka ɗauka an gama da matsalar. Ba a gama ba. Dattijo mai mutunci da ba zai taɓa kusantar kwalbar kodin ba yana shan haɗin leda kowane dare, yana ganin ai magani ne tunda a kemis ya saya. Wannan ya fi ba ni tsoro, domin shi babu mai yi masa faɗa, yabonsa ma ake yi ana cewa jarumi ne a neman na kansa.

Kada ka jira bayan Sallah. Amma ka kula da wannan: in ka yi makonni kana sha kullum, kada ka yanke dare ɗaya da kanka, domin deksametazon da taramol duka a hankali ake janye su, yanke su kwatsam na iya kayar da mutum. Ka ɗauki ledar yadda take ka je asibiti cikin makon nan, ko na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko wanda ya fi kusa da kai. A auna jininka fiye da sau ɗaya, a ranaku daban-daban, a duba suga da aikin ƙoda. In awon yana kai 140 bisa 90 ko sama, hawan jini ne, kuma yana da maganinsa na gaskiya. Ciwon ƙeya na iya zama na sunkuyo a kan keke kawai, hawan jini kuma sau da yawa ba ya nuna alama ko ɗaya, shi ya sa awo ne kaɗai zai raba gardama. In kuwa ka ga bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, ko ƙafa ta kumbura, ko baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, a wannan sa'ar za a tafi da kai asibiti, ko tsakar dare ne.

Yanzu lissafa awanninka. Takwas na safe zuwa sha ɗayan dare awa 15 ne, sau bakwai 105 a mako. Cire lokacin salla da cin abinci, har yanzu kana kusa da 90. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da binciken da ya nuna cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako haɗarin shanyewar ɓarin jiki gare shi ya ƙaru da kashi 35 cikin 100, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17, in aka kwatanta da mai awa 35 zuwa 40. Sun ƙiyasta mutum 745,000 ne suka mutu ta wannan hanya a 2016 kaɗai. Kai ka wuce 55 ɗin tun ranar Alhamis.

Sai nauyin da ke ranka. Ban raina shi ba, domin na san daga riƙon amana ya fito. Amma ka duba wa ake ci wa amana a halin yanzu. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba ma'aikaci hutun yini ɗaya cikakke a kowane kwana bakwai, da hutun aƙalla kwanakin aiki shida bayan ya yi shekara yana aiki. Yaran nan huɗu da kake jin kunyar bari, muddin kana zaune su ma ba za su tashi ba. Gwamnatin Kaduna a ƙarshen 2021 ta mai da ranakun zuwa ofis na ma'aikatanta huɗu a mako, kai kuma ko rabin Jumma'a ka hana kanka. Batun butulci kuwa, ka tuna abin da Salmanul Farisi ya gaya wa Abud Darda'i lokacin da ya same shi ya takura wa kansa da ibada har ya yi watsi da iyali: Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka. Da maganar ta je ga Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce Salmanu ya yi gaskiya. In an faɗi haka ga mai tsayuwar dare, ina ga mai taka keke? Kuma Hajiya mahaifiyarka tana Maƙarfi, tafiyar da ba ta kai ta yini ba.

Tsoron kada kwastoma su gudu shi ma ka auna shi da abin da ka sani a sana'arka. Me ke raba mutum da telansa? Saɓa alkawari ne, da ɓata shadda mai tsada, da wuyan da ya karkace don an yanka shi ƙarfe biyun dare da ido mai yaji. Wanda aka gaya wa tun farko cewa ba a buɗe shago ranar Jumma'a zai zo Asabar. Don haka ka rage abin da kake karɓa. Ka san adadin kayan da hannu goma ke iya gamawa a mako, ka ninka zuwa jajiberi, in littafi ya cika ka rufe karɓa, ko ɗan'uwa ne ya zo da yadi. Kafin alƙalamin da kake karɓa a kan aikin da ba za ka iya gamawa ba shi ne igiyar da ke ɗaure ka har asuba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fara da Jumma'a daga bayan masallaci: ka ba babban yaronka makulli da littafin awo, ka faɗa masa iyakar abin da zai yanke hukunci a kai, ka tafi gida ka ajiye waya. Zai yi kuskure, kamar yadda ka yi a gaban naka maigidan, kuma ta haka zai zama tela. Bayan wata guda ka mai da shi yini cikakke. A kowane ɗinki ka ware wani abu kaɗan a asusu daban, don ranar da aka rufe yara su samu na abincinsu, kai ma cefane bai tsaya ba. Rabin nauyin zuciyar nan na kuɗi ne, in aka tanade su yana sauka.

Babban hutun kuma sana'arka ta riga ta zaɓa maka lokacinsa. Makon da ke bin ƙaramar Sallah kowa ya saka sabon kayansa, aljihu ya yi sauƙi, aiki sai jefi-jefi kafin hidimar babbar Sallah ta taso. Ka rubuta sanarwa a ƙofar shago tun tsakiyar azumi cewa daga kashegarin idi sai bayan kwana biyar. Ka kai yara su ga hawan Sallah a ƙofar fada, sannan ka ɗauki maiɗakinka ku tafi Maƙarfi. Kwana biyun farko za ka ji ba daɗi, hannunka zai riƙa neman almakashi, wataƙila kai ya yi ciwo. Wannan sabo ne kawai, yana wucewa, kada ka nemi ƙwaya dominsa. Ka yi barcin awa bakwai ko fiye, kuma kafin ka tafi ka tabbata an auna jinin nan, ka rubuto min abin da awon ya nuna da sunayen ƙwayoyin da aka samu a ledar.