Hukuncin karanta ƙagaggen labarin da gwamnatin Sin ta hana

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a ƙasar Sin. Na samu littafin Huang Huo na Wang Lixiong a waya, wanda gwamnatin nan ta hana. Ya halatta in karanta? Ina kuma so in tura wa abokaina Sinawa ta manhajar hira ta WeChat.

Amsa: Wa alaikumus salam. Littafin ya fito a Hong Kong a 1991, marubucin ya ɓoye sunansa ya sa Bao Mi, wato "a riƙe sirri". A cikinsa Sin ta dare biyu, kudu da arewa, aka kai ga jefa makaman nukiliya, yunwa ta kori miliyoyi zuwa ƙetare. Karanta shi halal ne, matuƙar bai ci lokacin sallarka ba, kuma ka tsallake batsa in ka tarar.

Akwai masu cewa duk ƙagaggen labari ƙarya ne, don haka haramun. Wannan magana ba ta da ƙarfi. Ƙarya ita ce ka ba da labari saɓanin yadda yake, kana so a gaskata ka. Wa aka yaudara a nan, alhali marubuci da makaranci duk sun san ƙirƙira ce? Muƙamatul Hariri da muka karanta a zaure, labaran Abu Zaid ɗin cikinta ƙirƙira ne, amma manyan malamai sun yi mata sharhi ƙarni bayan ƙarni. Ko duk sun taru a kan ƙarya ne? Kuma wanda ya ce "in aka ci gaba a haka, ga inda za a faɗa" bai yi da'awar sanin gaibu ba, gargaɗi ya yi.

Abin da ya tsayar da ni maganar turawa ce. Ɗana, da biza ka shiga ƙasar mutane, biza kuwa alkawari ne. WeChat ana sa masa ido. Kai ana iya korarka, ka dawo wa iyayenka ba takardar shaida. Abokinka Basine fa, ina za shi? Jefa shi cikin cutar da bai nema ba bai halatta ba. Kada ka tura. Ajiye shi a waya ma ganganci ne, ka goge, ka karanta in ka zo hutu.

Kada kuma ka riƙa haɗa labarin da hadisan tashin alƙiyama, ko ka biye wa masu kiran Sinawa Yajuju da Majuju. A cikinsu akwai Musulmi 'yan'uwanka, kana salla tare da su.

Wallahu a'alam.