Tambayi Bakanike: Top na wani injin zai zauna a kan bulok na wani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da roka, Marsandi 911 mai injin 352, tana lodin hatsi daga Dawanau. Kwanan baya ta tafasa a hanya, direba ya ɗura mata ruwan sanyi, top silinda, wato murfin da ke zama a kan bulok (gangar jikin injin), ya tsage. A Ƙofar Ruwa na sami top na injin 366 mai tobo (na'urar da ke ƙara cusa iska cikin injin), ɗan Beljiyam, fes da shi. Mai shagon ya ce ramukan noti duk ɗaya ne. In saya? Daga mai roka, Kurna.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Kada ka biya tukuna. Ko da ramukan noti sun yi daidai, wannan shi ne mafi ƙanƙantar abin dubawa.

Injinan nan biyu 'yan gida ɗaya ne, shi ya sa ido ke ruɗuwa. Na 352 ya fito a 1964, silinda shida, lita 5.7. Na 366 ya gaje shi bayan kimanin shekara 20, kusan lita 6, kuma fistin ɗinsa ya fi dogon zango: milimita 133, na 352 kuwa 128. Ga shi kuma wanda aka nuna maka daga injin tobo aka kwance shi, naka kuwa ba tobo.

Injin gas (dizal), irin waɗannan biyu, ba shi da fulogi. Iska yake matsewa ninki 16 zuwa 17 har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. A waɗannan injina wutar tana ci ne a cikin wani ɗan kwarmi da ke kan fistin, kuma nozul ɗin da ke zaune a cikin top dole ya fesa mai cikin kwarmin nan daidai. In ya leƙo fiye da kima, ko ya nutse, ko feshinsa ya karkace, man zai riƙa dukan bakin fistin. Daga nan sai baƙin hayaƙi, wahalar tashi da sanyin safiya, shan mai, wata rana fistin ya narke. Tazarar da ke tsakanin fistin da top kuwa ba ta wuce milimita ɗaya ko kusa da haka ba, don haka bawul (marfin ƙofar iska ko hayaƙi da ke cikin top) da ya sauko kaɗan zai iya karo da fistin. Abin da ke ci mini rai shi ne irin wannan injin yakan tashi lafiya a gareji, kowa ya yi murna, sai an yi masa lodi ya kama hanya sannan ya nuna halinsa.

In ka nace sai ka gwada, ka tafi da bakanikenka da tsohon top ɗin. Ku karanta lambar da ke jikin ƙarfen kowanne. Ku ɗauki sabon gaskit na 352, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin top da bulok, ku shimfiɗa a kan bulok, sannan a kan top ɗin da za a saya, ku bi ramukan ruwa da na baƙin mai ɗaya bayan ɗaya. Rami guda ya toshe, ko ruwa ya daina zagayawa ko mai ya kasa hawa sama. A auna zurfin bawul da leƙowar nozul, da ma'auni, ba da yatsa ba. A kai shi wurin masu gwaji su matsa masa ruwa, domin tsagar da ke tsakanin bawul da bawul takan ɓuya a ƙarƙashin baƙar toka.

Ni dai a ganina, ka nemi top na 352. Motocin 911 sun yi yawa a ƙasar nan tun lokacin da ake haɗa Marsandi a Inugu, kayansu ba su ɓace ba. In kuwa ƙarfin 366 kake sha'awa, ka tara kuɗi ka sayi injin ɗungurungum, da famfon mansa da tobonsa.

Kafin a ɗora ko wanne, a duba fuskar bulok ko zafi ya lanƙwasa ta, a ɗaure noti daga tsakiya zuwa gefe da sufana mai awo. A wanke lagireto, a duba famfon ruwa da bel ɗin fanka, don a gano abin da ya sa ta tafasa tun farko. Direba kuma a ja masa kunne: in mota ta tafasa, ya bar ta ta huce kafin ya zuba mata ruwa.