Tambaya da Amsa: Bargon Ƙyallaye Mai Ɗauke da Suna

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da keken ƙafa da buhun ragowar atamfa. Ina so in ɗinka wa 'yar ƙanwata bargon jarirai mai sunanta, HAUWA, da haɗin ƙananan ƙyallaye. Na gwada harafin H sau uku, kowane da girmansa, kuma duk sun karkace. Ina kuskuren yake? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tun da girman ya bambanta, laifin na ratar ɗinki ne, wato abin da kike bari tsakanin bakin ƙyalle da layin zare. A ɗinkin riga ana iya barin rabin inci ko fiye, ba wanda zai gane. A wannan aikin kwatan inci ake bari, kuma dole ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe. In kin zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci kawai, kowane haɗi zai ci kashi ɗaya cikin 8, domin ƙyalle biyu yake ci. Haɗi takwas, inci guda ya tafi.

Ki auna kwatan inci daga allura zuwa dama, ki manna salatif a farantin keken, bakin ƙyalle ya riƙa binsa. Sannan ki gwada: yanko zirin ƙyalle uku masu faɗin inci ɗaya da rabi, ki haɗa su, ki goge. Faɗinsu ya zama inci uku da rabi, na tsakiya ya zama inci ɗaya cif. In bai kai ba, ki matsar da salatif ɗin kaɗan zuwa wajen allura, ki sake.

Haruffan kuwa a takarda ake fara su. Samo littafin lissafi mai gida-gida, ki ɗauki kowane gida a matsayin inci ɗaya. Yawancin haruffa gida biyar ne a tsaye, uku a kwance. M da W na bukatar biyar a kwance, I gida ɗaya ya ishe shi. Masu lanƙwasa irin Ƙ da Ɗ da Ɓ sai an ƙara musu layi ɗaya domin ƙugiyar, in ba haka ba Ɗahiru zai koma Dahiru. Ƙa'idar yanka ita ce: duk abin da kika ƙirga a takarda, ki ƙara rabin inci a tsawo da faɗi.

Kada ki yanka H gida 15. Ƙyalle biyar ya isa: ginshiƙai biyu na launin harafi, inci 1½ a 5½; a tsakiya kuma, ƙyallen fili (wato launin bayan harafi) biyu masu 1½ a 2½, da na harafi guda mai 1½ a 1½ a tsakaninsu. Ki fara haɗa na tsakiyar, ki goge, sannan ki ɗora ginshiƙan. Ki auna, ya ba ki 3½ a 5½. In ya saɓa, ki farke nan take. Raguwar haɗi ita ce raguwar kuskure.

HAUWA zai ci inci 17 na haruffa da rata huɗu ta inci ɗai-ɗai, jimla 21. In bargon inci 36 ne a faɗi, saura 15, sai ki yanka ƙyallen fili mai inci 8 a 5½ ga kowane gefe.

Karkacewa kuma daga wuri biyu take zuwa. Na farko yanka: ki bi tsayin saƙar yadin, domin abin da aka yanka a gicciye miƙewa yake yi. Ki zana layi da rula da fensir kafin almakashi ya taɓa shi, kuma ki ɗan sa sitaci. Na biyu guga. Dutsen guga ɗora shi ake yi a ɗaga, ba a jan sa, domin ja na mayar da murabba'i kamar rinon tsire. Ki kwantar da ratar zuwa ɓangaren mai duhu don kada ta nuna ta cikin fari.

Game da atamfar, zan faɗa miki gaskiya: manyan furanninta ba sa fita a inci ɗaya, harafin sai ya narke cikin fili. Ki yi haruffan da yadin auduga mai launi ɗaya mai duhu a kan fili mai haske, atamfar ta tafi kewaye inda za ta yi kyau. Ki wanke komai tukuna, kowane launi daban, saboda zuba da tsukewa. Leshi da yadi mai santsi a ajiye su gefe. Allura lamba 11 ko 12, a rage tsawon ɗinki zuwa kamar milimita biyu. In keken na tura bakin ƙaramin ƙyalle cikin rami, ki fara ɗinkin a kan wani tsumma, na aikin ya biyo bayansa ba tare da kin yanke zaren ba.

Tambaya: Ni K da N da R ne suka gagare ni saboda layin gicciye. Kuma ina so in kai bargon ranar suna, alhali ban san sunan ba tukuna. Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malama, ki yanka murabba'i biyu masu inci biyu, ɗaya na harafi ɗaya na fili, ki haɗa su fuska da fuska. Ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, ki ɗinka kwatan inci a kowane gefensa, ki yanka a kan layin. Za ki sami gidaje biyu masu rabi da rabi. Ki goge, ki datse su zuwa 1½. Ki jera su a faranti yadda suke a takarda kafin ɗinki, domin a nan ake juya N ya kalli baya.

Batun suna, ki gama sashen sama da na ƙasa tun kafin haihuwa, ki bar layin tsakiya mai tsayin inci 5½. Bayan an raɗa suna sai ki haɗa haruffan, ki shimfiɗa shafi, siririyar auduga a kai, sannan fuskar. Ki kama su da fil kowane inci huɗu, ki ɗinka daga tsakiya zuwa gefe, ki rufe baki da ziri mai inci 2½ wanda aka ninka biyu. Kwana biyu zuwa uku ya isa; ko da bai kai ranar suna ba, bargon zai riski mai jego tun ba ta yi arba'in ba.